Wa ke ba da izinin gini a ƙasar Ka'oje?

Mafi yawan gidajen Ka'oje ba su da takardar izinin gini. Haka na Illo da Tsamiya da Lolo. Wanda bai san ƙasar ba zai ɗauka gini ake yi kara zube, alhali kowane gida da izini aka kafa shi, sai dai ba daga ofis aka karɓo izinin ba. Na yi shekarun aikina a sashen ayyuka na wasu ƙananan hukumomi tun muna tsohuwar jihar Sakkwato, cikin masu ɗaukar tef da fayil suna bin fuloti. Abin da na gani shi ne kowace gwamnati ta zo sai ta ɗora dokarta ta gini a kan wadda ta tarar, ba ta kawar da ta baya ba, ba ta kuma ba tata ƙarfin da za ta tsaya da ƙafarta ba. Yau duka suna nan tare, mai gini ne ke zaɓen wadda zai bi.

Mafi tsufa cikinsu ita ce ta mai unguwa, kuma har gobe ita ce mai rai. Saurayi ya yi aure gidan gado ya yi musu kaɗan, ko baƙo ya sauka yana son zama, sai a kai shi wurin mai unguwa da ɗan goro. In filin na gefen gari ne maganar ta haura wurin dagaci, in mai nauyi ce ta isa fadar hakimi, wanda a Ka'oje shi ne Sarkin Bargu. Ranar nuni dattawa kan fita da igiya, wani lokaci ma da taki kawai ake awo. Abin da ake faɗa a tsaye a wurin ya fi awon muhimmanci: «Ga iyakarka da Malam wane. Nan burtali ne, ko danga kada ka kafa. Ruwan unguwa ta nan yake bi, ka bar masa hanyarsa.» A kafa turke ko a dasa icce a kusurwa, maƙwabta su shaida, a yi addu'a. A garin da shanu suke da yawa kamar Ka'oje, maganar burtali ba ado ba ce. Wanda ya toshe shi zai san ya toshe tun kafin kaka ta wuce.

Mutane da yawa, har cikin abokan aikina, sun ɗauka wannan al'ada ce kawai marar rubutu. Akwai rubutu, kuma a masarautarmu ta Gwandu aka yi shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan yadda mutum ke mallakar ƙasar da ba kowa a kanta, da abin da ke zama harabar gari ko ta rijiya wadda ba a yarda wani ya keɓe wa kansa ba. Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu, a ƙarni na 19, ya tara hukunce-hukuncen da alƙalai suka fi buƙata wajen raba gardama, har da gardamar maƙwabta a kan gini da hanya da ruwa. Duka daga rijiyar fiƙihun Malikiyya suka sha, wadda wani magini na Tunis, Ibnur Rami, ya tattara hukuncin gini daga cikinta tun ƙarni na 14. Ginshiƙin abin ɗaya ne: kada ka cutar, kada a cutar da kai. Indararonka kada ya zuba a bangon wani. Tagarka kada ta leƙa tsakar gidan wani. Ƙofar zaurenka kada ta yi saitin ta maƙwabci yadda za a riƙa hango iyalinsa. Masai kada ya matsi katangar wani ko rijiyarsa. In aka yi jayayya a kan faɗin hanya, akwai hadisin da ya yanke kamu bakwai.

Wannan tsari ba ya neman ka zo da zane kafin ka fara. Ka yi gininka. In ka cuci wani zai kai ƙara, alƙali ya tura wanda ya san gini ya dubo, in ta kama a toshe taga ko a karkata indararo a yi. A ganina har yau ba a ƙirƙiro mai duba gini da ya kai maƙwabci ba, don shi ba ya buƙatar kuɗin mai kafin ya zo, kuma ba a yi masa canjin wurin aiki. Ingancin ginin kuwa yana hannun magina, masu sarkinsu da gadon sana'arsu. A manyan birane sana'ar ta kai inda ta haifi irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya. A ƙasarmu abin bai kai nan ba, tubali ne da azara da ɗakunan ciyawa, amma kowane dattijo ya san kaurin da bango ya kamata ya yi, ya san azarar giginya daga ta banza, ya san in ba a yi yaɓe kafin damina ba me zai biyo baya. Ilimin duba gini a warwatse yake cikin jama'a, kowa da rabonsa.

Turawa sun fara taɓa wannan ƙasa ne da iyaka kafin doka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta raba ƙasar Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo ta zauna ɓangaren Ingila. Bayan cin Sakkwato a 1903 sai dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta ce ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Dokar gini ta ainihi kuwa, mai zane da izini da tara, ta zo ne da dokar garuruwa ta Gwamna Lugga a 1917, wadda ta kasa garuruwa aji uku, Legas kaɗai a aji na ɗaya, su Kano da Kaduna da Zariya a na biyu. Damuwarta barikin Turawa ce da layin kantuna da Sabon Gari, har da fili na yadi 440 da ake bari ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don sauro. A 1946 aka yi dokar tsara birane da karkara, kwaikwayon ta Ingila ta 1932. Ba ɗaya cikinsu da aka rubuta da tunanin gari irin Ka'oje. An bar shi a hannun En'e ta Gwandu da ke Birnin Kebbi, ita kuma ta bar shi a hannun hakimi.

Wanda ya iso ƙauye da gaske shi ne duba-gari. Makarantar koyon tsafta ta Kano, wadda aka buɗe a 1932, ita ta riƙa yaye su En'e-En'e suna ɗauka. Tsofaffin da muka tarar a aiki sun ba mu labarin yadda unguwa ke rikicewa in an ce ga shi nan tafe da kakinsa: a yi sallama, mata su kauce, ya shiga ya leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, ya duba masai da murfinsa, ya bi kwatami, ya ga inda ake zuba shara da inda aka ɗaure dabbobi. Wanda ya kasa, sammaci ne zuwa gaban alƙali, ga tara. An ji tsoronsu, an kuma zarge su da karɓar na goro, ba duka zargin ne ƙarya ba. Amma shi ne ma'aikacin hukuma na farko da ya sami ta cewa a kan cikin gidan talaka, kuma abin da yake dubawa abin da ke kashe yara ne. In za a haƙa sabon masai, shi ake kira ya nuna wuri. Duk wani duba gini da aka taɓa yi a karkararmu da sunan gwamnati, daga wannan mutum ya samo asali, ba daga injiniya ba.

Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ba ta sauya komai a ƙauye ba. Sauyi ya zo a jere cikin shekara biyu. A 1976 aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi, Bagudo, wadda Ka'oje ke ƙarƙashinta, na cikin 19 na jihar Sakkwato. Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da dokar amfani da ƙasa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki don kada a taɓa ta da sauƙi. Ta raba ƙasa gida biyu. Inda Gwamna ya ayyana birni, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Inda ba birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya, don noma ko gida, ba ta wuce hekta 500 na noma ko 5,000 na kiwo sai da yardar Gwamna, da kwamitin da ke ba ta shawara a kan rabon filaye. Wanda yake kan gonarsa ko gidansa tun kafin dokar, ya ci gaba da zamansa. A takarda dai hakimi da dagaci sun fita daga sha'anin ƙasa. A aikace kuwa, ba mu taɓa buɗe wa mutum fayil ba sai ya kawo shaidar mai unguwa da sa hannun hakimi, don mu ba mu san filin waye ba, su suka sani.

Yadda aka koya mana aikin yana da kyau a ji. Mai nema ya rubuto takarda da shaidar filinsa. Jami'in filaye ya je ya gani, safiyo ya auna ya kafa turakun siminti ya fitar da taswira. A kawo zanen gini, duba-gari ya duba tagogi da iska da tazarar masai ko sokawe daga rijiya, mita 30 aka ce mana in fili ya bari. Mu a sashen ayyuka mu duba ja da baya daga hanya da ƙarfin ginin. A biya kuɗi wurin ma'aji a karɓi rasit, a buga hatimi. Daga nan a riƙa zuwa mataki-mataki: ranar shata fili, ranar da aka gama haƙa harsashi kafin a zuba kankare, in gini ya kai linta, in za a yi rufi, sannan a ba da takardar kammalawa kafin a tare.

Wa ke zuwa neman wannan? Mai son bashin banki, mai gidan mai, mai makarantar kuɗi, kamfanin da zai kafa hasumiyar waya, ɗan kwangilar da sai da takarda za a biya shi, sai kuma wanda ya hango rigima tafe, galibi ta gado, yana son ya riga 'yan'uwansa zuwa ofis. Talaka mai gina ɗaki biyu da zaure ba ya zuwa, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba. Kuɗin zane kaɗai ya isa ya saya masa bandir na kwano. Waɗanda suka zo ɗin ma, da yawansu bayan an yi rufi suke zuwa, zanen da ke hannunsu kuma na wani gida ne da aka sauya wa suna. Duba mataki-mataki kan koma zuwa ɗaya, a bayan babur ɗin mai ginin, don ofis ba mota. Wanda ya ɗauko ka a babur ɗinsa ya ba ka fura ka sha, da wuya ka ce masa ya fasa ginshiƙi.

Sai kuma awon igiya. Da gari ya fara faɗaɗa, gonakin gefensa suka yi daraja, magada suka riƙa kiran dillali a yanka gona fuloti-fuloti, ƙafa 50 a 100, a sayar. Igiyar dai ita ce ta dā, amma dā dattijon da ke riƙe da ita ba shi da riba a cikin filin, yanzu kowa a wurin yana da la'ada. Duk taƙin da aka bar wa hanya asara ce a aljihun wani, saboda haka lungu ya tsuke har mota ba ta shiga ɗauko mai naƙuda, ba filin makaranta, ba na maƙabarta, burtali kuma ana gutsurarsa kaɗan-kaɗan. Tsara unguwa tun kafin a gina ta aikin hukuma ne, amma sai an biya diyyar gona, kuma a nan maganar kan mutu.

An ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991. Shekara ɗaya bayan haka gwamnatin Babangida ta kawo doka mai lamba 88 ta 1992 a madadin ta 1946, ta ce a kafa hukumar tsara gari a tarayya da jiha da kowace ƙaramar hukuma, kowacce da sashen da ke ba da izinin gini da ikon dakatarwa da rushewa. A karkara ƙwararrun da dokar ke buƙata ba su samu ba. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara gari da izinin gini hurumin jihohi ne. A Kebbi hukumar raya birane ta KUDA ita ce aka sani da jan fenti a bango, kuma ƙarfinta a Birnin Kebbi da manyan garuruwa yake. Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: jerin ayyukan ƙaramar hukuma a tsarin mulkin 1999 ya ambaci sa wa tituna suna da lambar gidaje da ƙiyasta harajin gida da kwashe shara, bai ambaci izinin gini ba. Dokar haraji ta 1998 kuwa ta ba ta karɓar kuɗin haƙƙin zama a filayen karkara. Da aka haɗa biyun, izinin gini a ƙaramar hukuma ya koma maganar kuɗin shiga. Ana tambayar rasit, ba a tambayar zurfin harsashi.

A 2006 aka fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa, wanda sai jiha ta mayar da shi dokarta yake da haƙori. Abin da ke ba ni dariya da takaici tare shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan rushewar gine-gine a Najeriya ɗan garin nan ne, marigayi Bala Bawa Ka'oje, wanda ya yi ministan wasanni a zamanin Obasanjo, ya kuma shugabanci ƙungiyar ƙwararrun magina ta ƙasa, NIOB. Garin da ya haifi shugaban magina na ƙasa, bulonsa ba mai gwada shi.

Kuma a daidai wannan lokaci ne ginin kansa ya sauya. Kuɗin shinkafa da shanu da fataucin bakin iyaka suka kawo kwano, sannan bulo, sannan rodi da rufin kankare, yanzu har bene. A nan tsohon tsari ya gaza, ba don ya lalace ba, don an kawo masa abin da idonsa ba ya gani. Dattijon da zai ƙwanƙwasa azara ya gaya maka shekarun da za ta yi, ba shi da abin cewa a kan ginshiƙin da aka riga aka zuba. Bai san rodi nawa ke ciki ba, bai san kaurinsa ba, bai san ko mai buga bulo ya ƙara yawan abin da yake fitarwa daga buhu ɗaya ba. Ɗakin ciyawa in ya faɗi a kan mutum ya tashi ya kakkaɓe jiki. Rufin kankare ba ya ba da wannan dama. Duba harsashi da rodi kafin a rufe su shi ne aiki ɗaya tak da maƙwabci ba zai iya ba sai ma'aikaci, kuma shi ne aikin da aka fi tsallakewa.

Ruwa ma ya shigo da tasa. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun ci gidaje da gonakin shinkafa a bakin Kwara, ƙasar Bagudo na cikin inda abin ya fi tsanani, har hanyar da ta bi ta Tuga zuwa Ka'oje ta sha wuya. Da yawan gidajen da ke zubewa a irin wannan shekara na ƙasa ne da aka ɗora ba harsashin dutse, a wurin da kakanni suka bar wa ruwa da gangan. A cikin gari kuma mai hali ya cike filinsa ya ɗaga daɓen siminti, ruwan da ke bi ta nan ya juya ya kwanta a gindin bangon talakan da ke kusa. Alƙalin Gwandu na ƙarni na 19 ya san hukuncin wannan sarai. Fom ɗin ofishinmu ba shi da gurbin da za a rubuta shi.

In ka tsallaka ta Tsamiya zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin, dangi ɗaya ne da yare ɗaya, takarda ce ta bambanta. Can izinin gini a ofishin magajin gari ake nemansa, tun da aka zaɓi shugabannin gundumominsu 77 a farkon shekarun 2000. Dokar ƙasarsu ta 2013 ta kafa hukumar filaye ta ƙasa, ANDF, ta kuma amince da wata takarda da ake bayarwa bayan an yi bincike a ƙauye, mai shaida cewa wane yana riƙe da fili bisa al'ada. Wato sun rubuta a doka abin da mu muke yi kullum ba tare da dokarmu ta ambace shi ba. Ban ce ƙauyawansu na rububin neman izinin gini ba. Su ma ɗakin laka ba ya jiran hatimi. Amma shaidar dattawa ta sami kujera a ofis, a wurinmu kuwa ta ƙofar baya take shiga.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In kuɗin ya iso, ni da za a tambaye ni ba zan ce a tilasta wa mai ɗaki biyu kawo zane ba. Zan ce a sayi babura, a ɗauki duba-gari, waɗanda yanzu ake kira jami'an lafiyar muhalli kuma suke da majalisar rajistarsu tun 2002, a haɗa su da masu unguwanni su bi gari su shata hanyoyin ruwa da burtali da turakun siminti kafin dillalai su iso, a kuma ce duk mai zuba rufin kankare ko ɗora bene ba zai haɗa siminti ba sai an ga rodinsa.

Masu zuwa gida suna tambayata ta ina za su fara, abin da nake gaya musu bai sauya ba. Ka fara da mai unguwa, maƙwabtan kusurwa huɗu suna tsaye, a rubuta iyaka da sunayen shaidu, hakimi ya sa hannu. Ka kai takardar sakatariya ka nemi haƙƙin zama, ka karɓi rasit na hukuma, ba na aljihu ba, ka tambaya ko filinka ya faɗa cikin yankin da jiha ta ayyana birni, don in ya faɗa sai ka nufi Birnin Kebbi. Ka zo ka ga filin a watan Agusta ana tsakiyar ruwa kafin ka biya cikon kuɗi. In kankare za ka zuba a sama, ka nemo wanda ya karanci gini ka biya shi daga aljihunka, ya zo ranar da aka ɗaure rodi, kafin kafinta ya rufe katako.